Abin da malam-buɗe-littafin tafasa ya bar mini

Yanzu da na miƙa kundin digirina na biyu, zan iya faɗin abin da na haɗiye a sashenmu. Aikina ya tsaya ne a kan Eurema hecabe, ƙaramin malam-buɗe-littafin nan mai ruwan ɗorawa da ke shawagi ƙasa-ƙasa a saman ciyawa, wanda faɗin fukafukansa ya kai kimanin santimita 4. Linnaeus ya ba shi suna tun 1758, kuma ana samunsa daga Afirka har Asiya da Ostireliya, amma malamin da ke duba aikina bai taɓa tsugunawa ya kalle shi a gona ba.

Rigimarmu a kan kamanninsa ta taso. Na damina yana da baƙin baki mai faɗi a gefen fiffiken gaba, ƙasan fiffiken kuma kusan fes yake. Na rani baƙin ya kan ragu, ƙasan ya yi ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa, ta yadda idan ya naɗe fukafukai a kan busasshen ganye sai ido ya wuce shi. Malam ya dage cewa jinsi biyu ne na cakuɗa, ya kuma ce da ni a gaban ɗalibai, "Kai ba ka san aikinka ba."

Ban yi musu ba. Na ɗebo ƙwai daga ganyen tafasa a ƙarshen damina, farare ƙanana da uwar ke ajiyewa ɗaya-ɗaya, na reni tsutsotsin, kore masu farin layi a gefe, a cikin kwalabe har suka rikiɗa. Uwar da na gani tana nasa su mai kamannin damina ce, 'ya'yan da suka fito da shigowar sanyi kuwa da yawansu da ɗigon rani suka fito. Da na kai wa Malam, sai ya ce ai dama abin da yake nufi ke nan, daga baya kuma ya gabatar da sakamakon a wani taro ba tare da ya ambaci sunana ba.

Ga masu tasowa, ku rubuta kwanan wata da wurin kamu a jikin kowane samfuri, ku kuma ajiye hoto a wajenku. Idan kuna neman mazan, ku je bakin fadama da hantsi, inda suke taruwa a danshin ƙasa suna tsotsar gishiri. Littafin da nake rubuta bayanan kwalaben nan yana hannuna, kuma ban ba kowa aronsa ba.