Wayar Ƙanwata

Yau wayar ƙanwata ta ƙi yin caji, har za ta kai kasuwar waya ta Farm Centre na ce kawo na duba tukuna. Tun bayan la'asar na zauna da ita, na buɗe bayanta na goge bakin cajin da burushi da sifirit, ina jona caja kawai sai ga alamar batir ta fito, ta ce Yaya wallahi ta kawo! Daɗin da na ji ba ya misaltuwa, sai da aka kira magariba ma na san lokaci ya tafi.

Kuɗin adashina na sana'ar POS nake tarawa fa, amma ban taɓa jin haka a kansa ba. Ina ganin koyon gyaran waya zan fara in sha Allahu.