Ɗan kunkuru ba ya bambance ganye mai guba da mai amfani

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin masu sha'awar kiwon kunkuru, cewa dabba ce da ta san abin da zai cutar da ita, saboda haka babu laifi a sake ta cikin lambu ta ci abin da ranta yake so. Maganar tana da ƙamshin gaskiya idan ana batun kunkurun da ke yawo a dajinsa, cikin ciyayin da jinsinsa ya saba da su tun fil azal. Amma ɗan kunkurun da aka ajiye a gida yana zaune ne tsakanin furannin ado da aka kwaso daga nahiyoyi daban-daban, kuma babu abin da zai sanar da shi haɗarinsu. Idonsa yana ganin launi sosai, ja da rawaya suna jan hankalinsa, kuma duk abin da ya burge shi sai ya kai masa baki. Dabbar da nauyinta bai wuce giram 30 ko 40 ba a makonninta na farko, ganye ƙalilan sun isa su halaka ta.

Shi ya sa nake ganin aikin farko na mai kiwo, tun kafin ya kawo dabbar gida, shi ne ya zagaya wurin ya san sunan kowace shuka da ke ciki. Oliyanda, wadda masana ke kira Nerium oleander, ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ana shuka ta ko'ina saboda kyawun furenta da jurewar fari, alhali ganyenta da furenta da ruwan jikinta duk suna ɗauke da gubar da ke dagula bugun zuciya, kuma busasshen ganyen da iska ta kaɗo cikin kejin bai rasa dafinsa ba. Tumfafiya ma irin wannan guba take da ita. Zurma da zaƙami ba sa buƙatar dogon bayani, haka nan azaliya da ganyen abokado da ganyen tumatir da na dankalin turawa. Shuke-shuken ado na cikin ɗaki masu faffaɗan ganye, irin su Dieffenbachia da Philodendron, suna da wasu ƙananan tsinaye a cikin ruwansu da ke ƙona baki da maƙogwaro su sa kumburi. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce: shukar da ban tabbatar da sunanta ba, ba ta shiga wurin ɗan kunkuru, komai kyawunta.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne shuka marar guba ma tana iya zama sanadin mutuwa. Masu renon furanni na sayarwa kan yi amfani da maganin ƙwari irin wanda shuka ke tsotsa ta saiwa ya ratsa jikinta gaba ɗaya, kuma irin wannan wanki ba ya fitar da shi. Idan an sayi shuka, a canza mata ƙasa, a bar ta watanni, sannan a ciyar da sabon tohon da ta fitar kaɗai. Mafi kwanciyar hankali shi ne mutum ya shuka iri da hannunsa a tukwane, ba feshi ba takin zamani. Ciyawar bakin titi da ta filin da ake fesawa a bar ta inda take.

To me za a ba shi? Jinsunan da aka fi kiwo, kamar sulkata mai asali daga yankin Sahel da kunkurun Rasha da na Girka, masu cin ciyawa da ganye ne, kuma cikinsu an gina shi ne don abinci mai yawan harza. Ciyawar kiri-kiri, ganyen inabi, ganye da furen hibiskus, da ganyen malberi duk suna da kyau, a yayyanka su ƙanana a cakuɗa, a riƙa sauyawa don kada ya kafe a kan abu ɗaya. Alayyafo da kabeji a ba da su jefi-jefi, domin na farko yana hana jiki cin moriyar kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ƙoƙon baya, idan ya yi yawa. 'Ya'yan itace masu zaƙi suna lalata cikin waɗannan jinsuna, abincin kare ko na kyanwa kuwa yana gajiyar da ƙoda. A barbaɗa garin kalsiyam kaɗan a kan ganyen sau biyu ko uku a mako.

Kalsiyam ɗin ba zai yi amfani ba sai da bitamin D3, shi kuma jiki yana haɗa shi ne da hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani. Gilashin taga yana tare wannan haske, saboda haka ajiye ɗan kunkurun a bakin taga bai wadatar ba. Ko dai a riƙa fitar da shi hantsi, da inuwa kusa da mutum a tsaye a kansa saboda karnuka da ɓeraye da tsuntsaye, ko a sa masa fitilar UVB, a kuma canza ta bayan wata shida zuwa shekara ko da tana ci gaba da haske. Gefe ɗaya na kejin ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen ya fi sanyi, domin kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa, sai dai ya matsa inda ya dace da shi.

Batun ruwa shi ne inda aka fi zaluntar 'ya'yan kunkuru ba da gangan ba. Ana ganin sulkata dabbar hamada ce sai a bar ta a busasshen yashi, alhali a daji ƙananan suna ɓuya ne a ramuka masu laima. Wani bincike da aka wallafa a 2003 daga Biyana ta ƙasar Ostiriya ya nuna cewa ƙarancin laima yana da babban hannu wajen sa ƙoƙon bayan sulkata ya tashi tudu-tudu maimakon ya girma sumul. A shimfiɗa masa ƙasa mai ɗan danshi marar taki, ko garin ɓawon kwakwa, a guji yashi zalla domin yana haɗiye shi ya toshe hanji. Kowace rana a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 15 zuwa 20, zurfinsa bai wuce haɓarsa ba. Za ka ga ya miƙa wuya ya nutsa baki da hanci, maƙogwaronsa yana motsi a hankali, sau da yawa kuma a nan zai yi bayan gida. Farin abin da yake fitarwa tare da fitsari ya kamata ya zama mai laushi. Idan ya fito da tsakuwa-tsakuwa, alama ce ruwa bai ishe shi ba. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, domin kunkuru mai lafiya ma yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi, dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan da ƙoƙonsu bai kai inci 4 ba tun 1975.

Kunkuru yana ɓoye ciwo, shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa ɗora shi a sikeli mako-mako ana rubuta nauyinsa. Raguwar nauyi, ido a rufe ko a kumbure, kumfa a hanci, ƙin cin abinci, ko ƙoƙon da ke ƙara laushi maimakon tauri, duk dalilai ne na zuwa wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Idan ana zargin ya ci shuka mai guba, kada a yi ƙoƙarin sa shi amai ko ɗura masa wani abu. A tsinko reshen shukar da ganye da fure a tafi da su tare don likita ya gane ta. Kuma ko da tsutsar ciki ake zargi, kada a yarda a ba shi Ivermectin, maganin da ake ba shanu da tumaki da karnuka, domin a jikin kunkuru yana shanye gaɓoɓi ya kai ga mutuwa.