Me ya sa injin nukiliya na Zariya yake cikin ruwa?

Ɗalibaina ba sa shan wahala da lissafin karo matuƙar nauyin abubuwan biyu ɗaya ne, don sun saba gani a teburin sunuka: farar ƙwallo ta daki wata tsakiya, ta tsaya cak, ɗayar ta wuce da gudun. Da zarar nauyi ya bambanta, sai aji ya yi tsit.

Alhali abu biyu kawai ake riƙewa. Momentam, wato nauyi sau gudu, jimillarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. In kuma karon bai lotsa komai ba, bai zama zafi ba, to kuzarin motsi ma yana nan daram.

Ga wanda nake rubuta musu a allo. Ƙwallo mai kilo 1 tana gudun mita 4 a daƙiƙa, ta daki mai kilo 3 da ke zaune. Ƙaramar za ta dawo baya da gudun mita 2, babbar ta yi gaba da mita 2. Ku duba: uku sau biyu shida, a cire biyun da ta juya baya, saura huɗu, daidai da abin da aka fara da shi. In babbar ta ƙara girma sosai, da ƙyar za ta motsa, ƙaramar kuwa ta dawo da kusan duk gudunta.

A ganina, kuskure ne a bar darasin nan a kan allo, tunda a Zariya akwai inda yake aiki. Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, ƙirar Sin, da ya fara aiki a 2004. Niyutiron, wata 'yar ƙwaya da ke fitowa daga cikin zarrar yuraniyam (makamashin injin) idan ta tsage, gudunsa ya yi yawa, sai an rage masa ta hanyar karo kafin ya amfanu wajen tsaga wata zarrar. In ya daki ƙwayar yuraniyam mai nauyi, dawowa zai yi kamar bai taɓa komai ba. In ya daki ta kabon, wadda ta ninka shi sau 12, ba ya rasa fiye da kimanin kashi 28 cikin ɗari na kuzarinsa. Amma ƙwayar haidirojin da ke cikin ruwa kusan sa'arsa ce a nauyi, karo ɗaya na iya kwashe masa kusan komai. Shi ya sa injin Zariya yake cikin ruwa.

Sai dai ruwa yakan haɗiye wasu niyutiron ɗin, don haka injin yana buƙatar yuraniyam da aka inganta, wato wanda aka ƙara masa nau'in da ke saurin tsagewa. Enrico Fermi, masanin da ya jagoranci gina injin nukiliya na farko, ba shi da irin wannan a Shikago a 1942, shi ya sa ya jibga tubalan kabon ya haƙura da yawan karo.