Injin Da Ya Fi Ƙarfin Lagireto

Garejina yana Kano, ba nisa da kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma yawancin abin da ke shigo mana a-kori-kura ce mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, Hilux da Land Cruiser, irin waɗanda rabin rayuwarsu a bayan kwalta suke yi. Ni ne da yara shida, sai rewaya da mai walda da muke kira idan aikinsu ya taso. Muna gyaran yau da gobe kamar kowane bakanike, amma abin da aka fi saninmu da shi shi ne sauke inji mu ɗora wanda ya fi shi ƙarfi.

Masu kawo mana wannan aiki ba 'yan gayu ba ne. Akwai mai bin ƙauyukan Gumel da Maigatari yana sayen riɗi da zoɓo ya kawo Dawanau. Akwai masu shiga Machina da Yusufari, inda yashi ke haɗiye taya har gindinta. Akwai masu kifi na fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda da damina taɓo ne hanyarsu. Sai kuma 'yan'uwanmu na Damagaram masu hawa Agadas, su ne ke kiran motar kat-kat. Kowa da hanyarsa, amma maganar da suke shigowa da ita ɗaya ce: "Oga, motar ba ta ja."

Idan na ji haka ba na saurin cewa a sayo inji. Sau da yawa nozul masu fesa mai a cikin inji ne suka gaji, ko matatar iska ta toshe da ƙura, ko kuloci ne ke sulɓi. Wani kuma ya sa manyan tayoyin da suka fi na asali tsayi, motar ta yi kyan gani amma ta rasa kuzarin tashi. Duk waɗannan gyaransu bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin inji ba, kuma na sha sallamar mutum da su ya tafi yana murna. Sai na tabbatar injin lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne kawai bai kai aikin da ake ɗora masa ba, sannan mu zauna mu yi maganar canji.

Tsohuwar Hilux mai shan gas yawanci inji samfurin 3L ko 5L ne a cikinta. Injuna ne masu haƙuri, ba tobo mai tura ƙarin iska cikin inji, ba birenbos, wato kwamfutar inji, bakaniken ƙauye ma yana iya kwance su a gindin bishiya ya mayar. Sai dai 5L ƙarfinsa bai kai doki 100 ba a ma'aunin ƙarfin inji, to ka ɗora masa buhunan riɗi ka shiga yashi da shi, za ka ji tausayinsa. Wanda aka fi ɗorawa a madadinsa shi ne 1KZ, wanda ke zuwa a tsohuwar Prado da Hilux Surf. Girmansu kusan ɗaya ne, duk lita 3, amma shi 1KZ yana da tobo, yana ba da wajen doki 125 zuwa 130. Direba yana jin bambancin tun daga giya ta biyu.

A kan wannan injin ne na yi kuskuren da har yau ban manta ba. Wani Alhaji mai harkar riɗi ya kawo Hilux ɗinsa, muka samo masa 1KZ mai kyau tare da giyabos ɗinsa, muka gyara kujerun inji, muka daidaita tsawon farfela, wato sandar da ke kai juyin inji ga tayoyi, rewaya ya yi kwana uku a kan wayoyi. Da muka zo kan lagireto kuɗin da Alhaji ya ware sun kusa ƙarewa. Na duba tsohuwar, ba ta yoyo, muka wanke ta tas, na ce za ta yi. Murfin da ke zagaye fanka kuma ya ƙi zama saboda sabon injin ya ɗan matso gaba, na ce wa yara su ajiye shi gefe. Na fita gwaji a titin Haɗeja, na taka ta sosai, allurar zafi ba ta motsa daga tsakiya ba. Alhaji ya biya, ya sa albarka, ya tafi.

Ba a yi wata guda ba direbansa ya bugo mini daga wani ƙauye bayan Maigatari, ana tsakiyar zafin bazara. Ya ce, "Oga, ruwa yana tafasa, na ƙara ya fi sau biyar, yanzu kumfa yake yi kamar an zuba sabulu." Tun kafin ya ajiye waya na san abin da ya faru. Da aka jawo motar muka ɗaga kan injin, na goge baƙin da tsumma na haska fitila, sai ga tsaga siririya kamar gashi tsakanin bawul biyu a silinda ta uku. Kan 1KZ na alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani ya ishe shi.

Laifin nawa ne, kuma haka na gaya wa Alhaji. A kwalta, mota tana gudun kilomita 90, iska ce ke dukan lagireto tana sanyaya ta, ko ƙarama ce ba za ka gane ba. A yashi kuwa direba yana giya ta biyu, ya taka totur har ƙasa, injin yana ihu, motar kuma ko gudun mai keke ba ta yi. Babu iskar da ke shigowa sai wadda fanka ta jawo, ita kuma fankar ba murfi, tana jan iska ta gefe ta bar tsakiyar lagireto. Ga tobo yana ƙara wuta a ciki. Na ɗora injin da ke haifar da zafin da ya fi na da, na bar masa kayan sanyayawa na injin da aka sauke. Ni na sayi sabon kai da gaskit daga aljihuna, na sa lagireto mai layi uku, mai walda ya ƙera murfin fanka da falange. Alhaji ya ce, "Malam, da ka gaya mini tun farko ai da na ciko kuɗin." Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo, don gaskiya ya faɗa.

Tun daga nan idan zan yi wa mutum lissafi ba na fara masa da kuɗin inji. Ina farawa da abin da zai biyo bayan injin. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Lagireto da fanka, kuloci mai ɗaukar sabon ƙarfin, bututun salansa mai faɗi don tobo ya samu numfashi, matatar iska babba. Sai birki, wanda kowa ke mantawa. Motar da a da take hawa da kaya a hankali yanzu za ta yi gudu da kayan nan, kuma dole wani abu ya tsayar da ita idan saniya ta fito daga gona. In injin ya fi na da nauyi, sifirin ɗin gaba da shokozoba su ma sai an duba su. Akwai kwanon baƙin mai na ƙasan inji: a motar da aksul ɗin gabanta sanda ɗaya ne, idan ba ka auna ba, ranar da ta faɗa rami aksul zai taso ya fasa kwanon, man ya tsiyaye a daji. Muna ɗaure motar mu danna gabanta har ƙasa mu ga tazarar da ta rage kafin mu ɗaure kusoshi na ƙarshe. Wanda ya ji jimillar ya ce injin kawai yake so a ɗora, sai in ba shi haƙuri ya nemi wani garejin.

Sayen injin kansa ilmi ne daban. Duk na gwanjo ne, wanda 'yan kasuwa ke kira beljiyam, ko da daga Japan ko Dubai ya fito. Idan da hali na fi son a sayi gaban mota da aka yanko gaba ɗaya, saboda za ka samu wayoyi da birenbos da ƙananan ƙarafunan da in ka rasa su sai ka yi mako kana yawo a kasuwa. Ba na karɓar inji sai an tayar da shi a ƙasa a gabana, da batir da galan ɗin gas. Yana ruri zan buɗe murfin baƙin mai in ɗora shi a bakin ramin ba tare da na murɗa ba. Idan yana rawa yana neman tashi, zoben fistin sun tafi. In tsoma yatsa in ga ko man ya yi fari-fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga. A kashe, in sa yatsa biyu in girgiza sandar tobo in ji ko tana wasa. Inji mai sheƙi da aka wanke aka fesa wa fenti ya fi sa ni tsayawa in duba da kyau fiye da mai datti. Rasit kuma dole ne, ɗauke da lambar injin, domin lambar tana cikin takardun mota, kuma ba na son mai mota ya tsinci kansa yana rantse-rantse a shingen jami'an tsaro.

Aikin da na fi jin daɗinsa shi ne na Land Cruiser 79. Wadda ake kawo mana da injin 1HZ take zuwa, silinda shida a jere, lita 4.2, wajen doki 130. Tun 1990 ake yin wannan injin, kuma duk wanda ya san hanyar Damagaram zuwa Tanut zuwa Agadas ya san dalilin da ya sa ba a rabuwa da shi: yana shan gas ɗin da aka samu, kuma ba ya barin mutum a hanya cikin sauƙi. Bayan da aka gano zinariya a Jado, can arewacin Nijar, a 2014, motocin nan suka riƙa ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu, ganga-gangar ruwa da mai da mutane a sama, sai masu su suka fara neman ƙari. Wasu suna liƙa wa 1HZ tobo kawai. Yana yi, amma ba a gina shi don haka ba, idan aka buɗe masa mai da yawa fistin ne ke biya. Ni na fi son a nemo 1HD-T na Land Cruiser 80. Gida ɗaya suka fito, girmansu ɗaya, shi kuma tun daga kamfani da tobonsa ya zo, yana ba da wajen doki 165, kuma famfonsa ba ya buƙatar kwamfuta. Kafin in ɗora shi sai na buɗe ƙasa na canza metal, wato ƙarafunan da babbar sandar injin ke juyawa a kansu, don tsofaffinsu an san su da cin metal, kuma kuɗinsa ba komai ba ne a kan injin da ya buga a hamadar Tenere. Ina kuma ja wa direba kunne kada ya ja kaya a giya ta biyar, saboda giyabos ɗin da ke zuwa da 1HZ a 79 ba shi ne mai kauri ba.

Akwai aikin da nake ƙi, ko kuma in ja dogon zance kafin in karɓa. Samari suna ganin bidiyon Hilux mai injin V8 na Lexus, wato 1UZ, irin wanda ake ɗorawa a Afirka ta Kudu da Ostareliya, su zo suna so. Injin kirki ne, lita 4, wajen doki 250, ƙararsa kaɗai tana sa mutum ya juyo. Na ɗora guda biyu kafin a cire tallafin fetur a 2023, ɗaya daga cikinsu yanzu a rufe take a gida saboda mai ita ba ya iya ciyar da ita. Ban da shan mai ma, tambayar da nake yi wa kowa ita ce: idan ta tsaya a Machina da daddare, wa zai taɓa ta? Haka nake faɗa game da injunan gas masu birenbos irin 1KD da 2KD. Suna da ƙarfi, suna da tattalin mai, amma nozul ɗinsu ba sa yafe gas mai ruwa ko wanda aka gauraya da kananzir, irin wanda ake sayarwa a jarka a bakin hanya, kuma gano ciwonsu sai da na'ura. Ga wanda aikinsa tsakanin Kano da Kaduna ne, babu laifi. Ga wanda abincinsa ke cikin daji, ina ba shi shawarar injin da ɗan ƙauye mai sifana huɗu zai iya tayarwa. Ko 1KZ ɗin ma, in na samu mai famfon da ba ya haɗe da birenbos, shi nake ɗauka.

Kasuwar ta yi nauyi tun da naira ta faɗi. Injin da a da mutum zai saya da ribar kaka ɗaya yanzu sai ya haɗa da sayar da dabbobi. Hakan ya sa mutane suka fi matsa mini a rage nan a rage can, kuma wurin da suke fara nunawa kullum shi ne lagireto da birki, tun da su ba a jin daɗinsu a ƙafa. Nakan kai su bayan gareji in nuna musu tsohon kan injin Alhaji, yana nan a jingine da bango, na zagaye tsagar da jan fenti. Yaran da ke koyon aiki a wurina ma da shi nake fara musu karatu.

Gwajinmu ma ya canza. Ba na sallamar mota da gwajin kwalta. Muna loda mata buhunan yashi daidai nauyin da mai ita ya ce yana ɗauka, mu tafi bakin kogin Challawa da rana tsaka, mu rage iskar taya, in sa fowil in yi ta zagaye a giya ta biyu har rabin awa, babban yarona yana gefe idonsa a kan allura. Mun ƙara wa kowace mota agogon zafi na daban, don na asali ba ya motsi sai abu ya riga ya ɓaci. In mun tsaya ba na kashe ta nan take, ina barin ta ta yi minti biyu tana aiki a tsaye don tobo ya huce, kuma ina sa direban ya gani da idonsa ya maimaita.

Makon jiya muka sallami wata 79 ta wani bawan Allah daga Damagaram. Na ce wa direban idan ya kai Tanut ya kira ni. Ya kira bayan la'asar, iska tana kaɗa wayar, ya ce kaya sun cika har sama, allura tana inda muka bar ta, zai sha shayi ya wuce Agadas.