Godiya ga mutanen Rigasa da duk wanda ya riƙe ni

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Na kare aikin kammala digirina na biyu a gaban malamai, sun sa hannu, an ce na wuce. Daren jiya na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin azumi. Ba sai na maimaita jinyar Umma da mutuwar kwamfutata ana gab da miƙa kundi ba, da ku aka yi komai.

Masu tambayar me ya sa nawa karatun ya ƙi ƙarewa, ga amsa. A digiri na biyu na aikin jin daɗin al'umma, irin wannan aikin kammalawa ba a ɗakin karatu ake yin sa ba. Unguwa za ka shiga, mutane su faɗi damuwarsu da bakinsu, ku gina mafita tare, sannan ka nuna wa malamai cewa abin zai ci gaba bayan ka tafi. Ni kan yara mata masu talla na yi nawa, a unguwar Rigasa da ke Kaduna. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma tilas, Jihar Kaduna ma tana da dokar kare yara tun 2018. Amma uwar da cefanenta da adashin kayan ɗakin 'yarta suke cikin farantin talla, karanto mata doka ba ya sa ta sauke shi. Shi ya sa da iyaye mata muka fara: adashin jari, sana'a a cikin gida, yara kuma su koma aji.

Rana ɗaya ce ba za ta fita raina ba. Na kai takardar neman amincewar iyaye ƙofar gidan Mai Unguwa, ashe magana ta riga ni isa cewa duk wanda ya sa hannu hukuma za ta kama shi. Wani bawan Allah ya miƙe yana ɗaga murya: "Ke 'yar wa ce? Wa ya aiko ki?" Wallahi bakina bushewa ya yi, takardun suna rawa a hannuna, ina satar kallon titi ko zan hango ɗan sahu. Sai Inna mai koko ta taso daga bayan mata, ta gyara mayafi ta ce, "'Yata, karanta mana da Hausa, a hankali." Na karanta har ƙarshe. Ta dangwala babban yatsanta a tawada ta danna, ta ce in kamu ne a fara da ita. Jikokinta ne suka fara zama a tabarmar ajin da muka buɗe wa yaran.

Inna, kin ce kada in ambace ki, ki gafarce ni, na kasa. Allah Ya kai ki Makka, Ya shirya miki zuri'a, Ya sa ki ga auren jikokin nan da takardun makaranta a hannunsu, Ya haskaka kabarin iyayenki. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah Ya ƙara girma. Malam Liman da ya yi bayani bayan sallar Magariba har zukata suka kwanta, Allah Ya saka da Aljanna. Malamata mai duba aikin, wadda jan bironta ya sa ni kuka ba sau ɗaya ba, yau na ga amfaninsa. Yaya Babba da ya ba ni aron kwamfutarsa, da maigida da ya yi ta haƙuri da tuwon dare a makare, Allah Ya bar zumunci, Ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba.

'Yan uwan da suka ce wannan karatun yawon unguwa ne, har Umma ta kwanta ta tashi ba a ga ƙeyarsu ba, ba komai. Zumunta dai a ƙafa take, kuma gidan yana nan inda kuka san shi.

Ajin yanzu yana hannun kwamitin iyaye mata, ni 'yar leƙe ce kawai. Ana zama Asabar da Lahadi bayan La'asar, kuma har yanzu muna ƙarancin tabarmi da littattafan rubutu. Mai hali ya yi mini magana ta akwatin saƙo, amma a ba ni zuwa jibi, yau kashe wayar nan zan yi.