Sana'ar da Ake Yi a Baibai

Hatimi na fara koya. Ina da shekara 14 mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo mai sassaƙa hatimi a kasuwar Omdurman da ke Sudan, ya ce masa, "Usta, ga amana." Abin da Usta ya fara ɗora ni a kai shi ne rubuta sunana a baibai. Duk abin da za a buga sai an sassaƙa shi a juye, domin in ya hau takarda ya miƙe. Larabci daga dama yake tashi, to a kan roba daga hagu za ka faro shi. Wata uku ina ɓata masa roba yana ja mini kunne. Har yau in na ga allon talla a hanya sai in tsinci kaina ina karanta shi ta baya.

Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso da niyyar aikin hajji, tafiya ta tsaya musu a Mai Wurno a bakin Nilul Azraƙ, mahaifina kuma nema ya kawo shi Omdurman. Nan na girma, nan na buɗe maɗaba'ata. Ba wata babba ba ce: tsohuwar na'urar bugu ƙirar Heidelberg mai kala ɗaya da na saya hannu na uku, injin yankan takarda, kwamfuta biyu, da yara huɗu. Muna buga rasit, katin biki, takardun makarantun kuɗi, kalandar masallaci, sai riguna lokacin gasar ƙwallon unguwanni. Zane na ƙawa kuwa ban taɓa ɗaukarsa abin cin abinci ba. Lokacin da 'yar ƙanwata ta samu gurbi a kwalejin zane da ke Khartoum, da bakina na ce wa uwarta, "Ki bar ta ta je, in ta gama ta zo in koya mata aiki."

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana saura kwana shida sallah, shagona cike yake da katunan bukukuwan da za a yi bayan azumi. Da safe muka ji harbi daga tsallaken kogi. Kowa ya ce kwana biyu ne sojoji da Da'amus Sari', wato dakarun RSF, za su sasanta. Bayan mako bakwai na kulle shago da kwaɗo uku, na ɗebi iyali zuwa Wad Madani. Daga kayan aiki abin da na ɗauka bai wuce wuƙaƙen hatimina da robar jan fenti guda ɗaya ba, ita ma don ta shiga jaka ne. A Disamba Madani ta faɗi, muka sake tashi, wannan karon har Gadarif. Ba zan ba da labarin hanyar ba.

A Gadarif wani ɗan'uwa mai harkar riɗi ya ba ni gefen sitonsa. Injin ba ni da shi, wuta kuma sai ta ga dama. Sai na koma bugun rariya, wanda da can nake bar wa yara. Ga wanda bai san shi ba: ana ɗaure yadi mai ƙananan idanu a kan firam na katako, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. A shafe shi da wani magani mai daskarewa in haske ya taɓa shi, a bar shi ya bushe a duhu. Sai a ɗora rubutun da aka fitar baƙi wuluk a kan takarda mai shara-shara, a danne da gilashi, a fitar rana. Inda haske ya samu sai ya daskare ya toshe idanun yadin, inda baƙin rubutu ya kare sai ya wanke da ruwa ya bar hanya. Ta wannan hanyar fenti ke bi ya sauka a kan riga ko buhu. A Omdurman fitila nake kunna masa. Nan kuwa ranar tsakiyar Gadarif ba ta neman minti ɗaya, in ka tsaya amsa sallama ka ƙona aikin.

In kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Katin biki ya ɗauke. Abin da ke shigowa shi ne allon takiyya, wato wuraren da matasan unguwa ke girka adas da ful, nau'o'in wake, a manyan tukwane a raba wa jama'a, da rigunan 'yan sa-kai masu ɗakunan agajin gaggawa, da tambari a kan buhunan taimako. Masu takiyya ba na iya yi musu tsada, wani lokaci kuɗin fenti kawai nake karɓa. Fentin ma daga Bur Sudan yake zuwa da farashin dala, dalar da muka sani wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura 2,000 a 2024. Da layukan waya suka ɗauke a Fabrairun shekarar, Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ya tsaya, na yi aikin da aka biya ni da kwanon dawa.

Amma aikin da ya fi yawa shi ne cigiya. Hoto, suna, shekaru, inda aka rabu, lambar waya. A liƙa a tashar mota, a ƙofar asibiti, a bangon makarantun da suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Na buga ta yara, ta tsofaffin da hankalinsu ya fara tafiya, ta samarin da aka sauke daga mota a shingen hanya. Na koyi cewa lambar waya ita ya kamata ta fi komai girma, kuma baƙi a kan fari ya fi kala daɗewa a rana.

Wata rana wata baiwar Allah ta zo, Bahaushiya daga wani ƙauyen Jazira, tana son cigiyar ɗanta. Na ce ta turo hoton. Ta ce, "Ɗana, wayar da hoton yake ciki an karɓe ta a hanya." Ba ta da ko na katin makaranta. Na ce sai dai mu buga suna kawai. 'Yar ƙanwata tana gefe tana wanke rariya, don tun rufe kwalejinsu take wurina. Ta goge hannu ta ce, "Inna, wa ya fi kama da shi a gida?" Aka kawo ƙanensa. Ta zaunar da yaron a kan jarka tana zana shi, uwar tana tsaye a kanta tana gyara: ya fi wannan tsawon fuska, yana da wushirya, akwai tabo a girar hagu tun faɗuwarsa daga jaki. Da aka zo kan tabon sai matar ta rufe fuska da mayafi. Nan na san kamar ta fito.

Ranar babu wuta, maganin rariya ya ƙare. Yarinyar nan ta ɗauko guntun ledar daɓen ɗaki mai kauri, ta kwafe zanen a kai, ta ce, "Kawu, ara mini wuƙaƙenka." Ta sassaƙa fuskar, ni na sassaƙa suna da lamba, don hannunta bai saba da rubutun baibai ba. Ta kusa sa tabon a girar da ba ita ba, na tare ta. Muka shafa tawada, muka ɗora takarda, muka murza da bayan cokali. Kofi 40 muka fitar kafin magariba.

Daga nan ta ƙi ajiye wuƙa. Ta samo tsohuwar lema ta zare ƙarafunanta, ta wasa bakinsu a dutse, suka zama abin ƙwaƙule layi siriri. Tawadar bugu da ta yi tsada sai muka koma ta allo, wadda kowane almajiri ya sani: baƙin gindin tukunya da ƙaro. Ƙaro kam a ƙasar nan ba a nemansa da nisa. Aibinta saurin bushewa, sai mun ɗiga gilisarin na kantin magani. Takarda kuma buhun siminti ne, a raba shi falle-falle a kakkaɓe a goge. Ni ina jin kunyar wannan, ita kuwa alfahari take. Ta ce Ibrahim El-Salahi, ɗan Omdurman ɗinmu wanda aka haifa a 1930, da aka tsare shi a kurkukun Kobar a 1975 a kan guntayen takardar siminti yake zane, ya binne su a cikin yashi kada masu gadi su gani. Na ce to ashe talaucinmu yana da asali.

Da dare takan nuna mini hotunan da ta ajiye a waya tun darasin makaranta. Akwai Goya, mutumin Sifen, wanda ya ga abin da aka yi lokacin da sojojin Napoleon na Faransa suka shiga ƙasarsu. Tsakanin 1810 da 1820 ya yi faranti fiye da 80 na tagulla, ana karce zanen a bar ruwan asid ya ci layin. Bai fitar da su yana raye ba, sai a 1863 aka buga, shekara 35 bayan mutuwarsa. A ƙarƙashin ɗaya ya rubuta cewa shi da idonsa ya ga wannan. Mu ma ai mun ce gani ya kori ji. Akwai Otto Dix na Jamus, wanda ya riƙe bindiga mai sarrafa kanta a ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da zane 50 a 1924. Nasa ban iya kallonsu sau biyu ba.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce Käthe Kollwitz, ita ma Bajamusa. An kashe ɗanta Peter a Oktoban 1914 yana da shekara 18, kwanaki kaɗan da zuwansa fagen daga. Ta yi shekaru tana neman yadda za ta faɗi abin, daga ƙarshe ta sassaƙa katako bakwai, aka buga su a 1923. Ba ta sa fagen fama a ciki ba. Ta sa uwa da uba a durƙushe sun ƙanƙame juna, ta sa matar da aka bari da ciki, ta sa iyaye mata sun dunƙule wuri ɗaya sun kewaye 'ya'yansu. Ni da idon mai bugu na kalle su: baƙin ya fi farin yawa, wuƙa ba ta cire komai ba sai abin da ya zama dole. Wanda ya san wahalar ƙwaƙule katako ya san ba lalaci ya sa ta bar baƙin nan ba.

A nan muka saɓa da yarinyar. Tana son ta sassaƙa abin da muka gani a hanyar Madani, yadda Goya ya yi. Na ce ba a shagona ba. Dalilina biyu. Na farko, takarda tana tafiya, kuma ba ka san a wane shinge za a zazzage jakar wanda ya saya ba. Mai bindiga ba ya tambayar me mai zane yake nufi. Na biyu, ni tarbiyyar allo ce, zanen mai rai bai taɓa kwanta mini sosai ba, cigiya lalura ce ta sa. Ta ce, "Kawu, in kowa ya yi shiru, gobe a ce ba a yi ba." Na ce Goyan naki ma ai a akwati ya ɓoye nasa har ya mutu. Kwana biyu ba ta ci abinci tare da mu ba.

Abin da ta fito da shi bayan fushin ya fi abin da ta so yi tun farko, ko da yake ba ta yarda da wannan ba har yau. Ta sassaƙa layin kwanoni da robobi a ƙofar takiyya, an jera su suna riƙe wa masu su layi, babu mutum ko ɗaya. Ta yi mabuɗin gida rataye da zare. Ta yi mutane a kan hanya, dukansu ta ƙeya ake ganinsu, wata da katifa a ka, wani ɗauke da tsohuwa a baya. Na san ta yi waɗansu da ban gani ba, suna ƙarƙashin katifarta. Ban tambaya ba.

Mamakina shi ne an saya. Ba 'yan boko kaɗai ba. Wani direban lori ya ɗauki na mabuɗin ya liƙa a gaban motarsa. Masu tafiya Jidda da Alƙahira suna saye su naɗe a cikin kaya, ɗaya ma an kai wa dangi a Kano. Muna buga 30 ko 50 daga kowace roba, ta sa lamba a ƙasa da fensir, kuɗin guda bai fi na kwanon ful biyu ba. A 2019 na ga zane-zanen da matasa suka cika bango da su a wurin zaman dirshan na Ƙiyada, ƙofar hedkwatar sojoji a Khartoum, na kuma ga yadda aka bi su da farin fenti bayan 3 ga Yuni. Gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum ma an yashe shi a wannan yaƙin, masu zane da yawa sun bar aikin shekaru a ɗakunan da ba su sake gani ba. Bango ɗaya ne, bokitin fenti ɗaya ya ishe shi. Abin da aka buga 50 ya watsu ƙasa huɗu kuwa, mai son shafe shi sai ya yi yawo.

Bayan sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025 da Khartoum a Maris, na je duba shago. Ƙofa babu. Heidelberg tana nan don nauyinta ya fi ƙarfin mai ɗauka, amma an cire mota, wato abin da ke juya ta da lantarki, an zare duk wata wayar tagulla. Katunan bikin nan suna warwatse a ƙasa, ruwan damina biyu ya manne su. Na tsinci aljihun teburin da nake tara tsofaffin hatimai, na juye shi a buhu na dawo da shi Gadarif. Gyaran injin sai an samo mota daga waje, ban fara lissafin ba tukuna.

Matar nan ta Jazira ba ta koma ƙauye ba. Duk farkon wata takan zo a sake buga mata 20, saboda rana da ruwa suna cinye na bango. Robar tana kan kanta ta sama, gefenta ya fara lanƙwasa, layin wushiryar ya soma cikewa da tawada, sai na bi shi da bakin allura kafin kowane bugu. Zuwanta na ƙarshe ta ce layinta ya lalace, ta yi sabo. Na yanke kusurwar da tsohuwar lambar take, na sassaƙa sabuwar a wani guntu, na manna da gam, na buga ɗaya na miƙa mata. Ba ta iya karatu ba, sai ta kira ƙanen yaron ya karanta mata lambar sau biyu.