Littafin da ba ya shiga inji

Duk wanda ya leƙo ɗakin aikina ya ga takardu jere a kan igiya kamar shanya, tambayarsa ɗaya ce, wai Malam me ya hana ka kai wa 'yan firinta su buga maka dubu a yini guda? Ni kuma dariya kawai nake yi, don bayanin yana da tsawo, kuma wanda bai taɓa riƙe irin littafin nan da nake bugawa da hannu ba da wuya ya gane cewa littafin shi ne zanen kansa, takardar da tawadar da ɗinkin da bangon duk aiki ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. Ina zana hoto a kan katako ko lino, lino ɗin nan leda ce mai kauri da ake sassaƙawa, sai in bi da wuƙa in ƙwaƙule duk inda nake so ya fito fari, abin da ya rage a sama shi zai ɗauki tawada. Sai in murza tawada a kan gilashi da rola har ta yi laushi tana wata 'yar ƙara tsi-tsi, in shafa a kan allon, in ɗora takarda, in bi bayanta da cokali ina gogawa lungu-lungu. Eh, cokalin cin shinkafa. Ba ni da injin matsi, kuma gaskiya yanzu ko an ba ni ban san ko zan bar cokalin ba, saboda da shi ne nake iya danna wani wuri sosai in sassauta wani, sama ta fito da haske, gini ya fito baƙi ƙirin.

Lino na asali tsada gare shi, sai an yo oda, to sai na koma robar da masu takalma ke saye a Kofar Wambai, ita ma tana yankuwa lafiya lau in ka samu marar ƙuraje. Wuƙaƙen kuwa wani maƙeri ne ya yi min daga ƙarfen tsohuwar lema, da ma ƙarfen a lanƙwashe yake, wasa shi kawai ake yi a sa masa ƙota.

Wanda ya fi koya min hannu ba malamin zane ba ne, wani dattijo ne mai yanka sitam a bakin titi, irin masu tebur ɗan ƙarami da reza. Mutumin nan yana rubuta suna da lambar ofis a juye ba tare da ya duba madubi ba, haruffa ƙanana ƙwarai. Na ce Baba yaya kake yi ba ka rikicewa, ya ce yaro ai ka daina karanta shi, ka riƙa kallon siffarsa kawai. Kuma haka ne, komai a juye ake sassaƙa shi, dama ta koma hagu. Abin ban dariya, in ajami kake yankawa sai ka ga hannunka yana tafiya daga hagu zuwa dama, in boko ne kuma ka faro daga dama. Abu na biyu da na ɗauka a wurinsa shi ne juya allon maimakon juya wuƙa, da ajiye hannun hagu a bayan kaifi ko da yaushe. Masu koyo duk sai sun yanke kafin su yarda da wannan.

Wasu suna ɗauka sana'ar ta Turawa ce zalla. To a Zariya nan kusa Bruce Onobrakpeya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma da bugun hannu irin wannan ya yi suna a duniya. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba wannan ba ne. Garin nan namu na Kano ya daɗe yana yin littafi da hannu. Alaramma ya feƙe alƙalaminsa na kara, ya haɗa tawadarsa da ƙaro, ya rubuta Alƙur'ani warƙa-warƙa, mai zayyana ya ƙawata, baduku ya yi tadarishi, wato bangon fata, da gafaka. Tsofaffin takardun ma in ka ɗaga su a rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinsu, daga Italiya ake kawo su ta Sahara. Kowane yanki na aikin akwai mai shi a Kano, a warwatse dai suke, ni kawai zagayawa nake ina roƙon ilimi.

Littafin da ya fi ba ni wuya shi ne na ƙofofin gari. Na bi su ina zane, Kofar Na'isa, Dan Agundi, Gadon Kaya, Kabuga inda sojojin Turawa suka shigo a 1903, Kofar Ruwa, Mazugal, da sauransu. Ban ɗinke shi ba, naɗi na yi masa gaba da baya, ta yadda za ka iya buɗa shi shafi-shafi ko ka ja shi gaba ɗaya ya miƙe ya tsaya da kansa a kan tebur ya zama ganuwa. Inda badala ta rushe aka yi gini ko aka haƙa kududdufi ban cike ba, na bar takardar fara fes. Wani ya ce min ai shafukan nan ka manta ba ka buga komai ba, na ce je ka Kofar ka duba ka dawo.

Launi uku na sa, jar ƙasa, shuɗi da baƙi, kuma duk daga allo ɗaya. Dabarar ita ce ka buga launi mafi haske a dukkan takardun tukuna, sannan ka koma ka ƙara sassaƙe allon ka buga na biyu a kai, ka sake sassaƙewa ka buga baƙi. Kafin ka gama allon ya cinye kansa, babu komawa baya. Shi ya sa in kana son kwafi 20 sai ka fara da kusan 30, saboda dole wasu su goce, takarda ta zame da ɗan kaɗan launi ya hau inda ba nasa ba shi ke nan ta tashi aiki.

Sai yanayi, wanda babu littafin koyarwar da zai gaya maka na Kano. Da hunturu tawadar ruwa tana bushewa a kan gilashi tun kafin ka gama murzawa, takarda ta riƙa nannaɗewa, ƙura kuma ta sauka a kan ɗanyen bugu ta zauna daram, dole in toshe taga da jiƙaƙƙen zane in yi aiki da asuba. Da damina kuma tawadar mai, irin ta 'yan firinta da nake saye a gwangwani, sai ta ƙi bushewa, ka taɓa bayan kwanaki ta kama maka yatsa. Yanzu na raba shekarar, sassaƙa da zane da damina, bugu bayan ruwa ya ɗauke kafin iska ta yi ƙarfi, ɗinki da bango lokacin zafi.

Takarda ma tana da hanyarta. In ka lanƙwasa ta ta gefe ɗaya za ka ji ta bi salin-alin, ta ɗaya gefen tana turjewa, to naɗi dole ya bi inda take so, in ba haka ba littafin ba zai taɓa rufuwa daidai ba, kullum bakinsa a buɗe. Manna kuwa kullun fulawa nake dafawa da kaina, gam na kanti yana sa takarda ta yi tauri. Zare in goga masa kakin zuma, huji da basilla.

Bango ne ya kai ni wurin dukawa. Fatar akuya ja, wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ita ce fa Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko suna rufe manyan littattafansu da ita, alhali da yawanta daga ƙasar Hausa take tafiya. Dattijon da ke fefe min ita har ta yi siriri ya juya wani littafina da na ɗinke ya ce, ɗana wannan ai ka ɗaure shi, namu na da a sake suke, mutum goma sai su raba warƙa kowa yana karatu. Maganar ta zauna min. Littafin da na yi bayan nan ban sa masa zare ko ɗaya ba, warƙoƙi ne a cikin tadarishi da igiyar fata, mai shi ya jera yadda ya ga dama ko ya zari ɗaya ya sa a firam. Yadin da na rino a Kofar Mata kuwa, shuni yana zuba, sai an sa wata takarda tsakaninsa da shafin farko, in ba haka ba kafin wata guda ya shafa wa hoton shuɗi.

Maganar kuɗi, kada wanda ya shigo don ita. Masu saye ba su da yawa, malaman jami'a ne, da 'yan Kano mazauna waje masu kewar gida, da baƙi jefi-jefi. Abin da ke riƙe ni katin biki ne na hannu da koyar da yara ranar Asabar. Kowane kwafi ina rubuta lambarsa da fensir a ƙasa, 7/20 misali, in sa hannu, ma'ana guda 20 ne a duniya kuma wannan ne na bakwai. Kwanaki wani Alhaji ya ga na ƙofofin a gidan abokinsa ya kira ni wai in buga masa ɗaya ko nawa ne, na ce ranka ya daɗe sun ƙare. Ya ce to a sake mana. Sai da na ɗauki hoton allon na tura masa ta WhatsApp, ba abin da ya rage a jiki sai 'yan layukan baƙi na ƙarshe, sannan ya haƙura ya ce in sa sunansa a na gaba, wanda nake yi a kan marina da masu bugun yadi.